Habila da Sandar Baba Mode

Shekara goma sha tara gonata tana jikin ta Habila, a bakin magudanar da ke ɗauko ruwa daga dam ɗin Goronyo, kuma ban san mutumin da ya ɓata mini rai kamarsa ba. Ya rasu wata guda ke nan, bayan zazzaɓin kwana huɗu, aka kai gawarsa garinsu Zuru. Har yau ji nake kamar in tashe shi mu ƙarasa faɗanmu.

Kirista ne. Gyaran injin ban ruwa ya kawo shi, albasa ta riƙe shi. In mun zauna cin abinci a gindin darbejiya, ni in yi bisimilla, shi ya rufe ido, sannan ya dame ni da labarin sarakunan littafinsu, musamman Saul, wanda muke ce wa Ɗalutu, da yadda ya tsani Dawuda don mutane sun fi yabonsa.

A layinmu bi da bi ake samun ruwa. Mai rabon ruwa yana da sanda mai tsaga uku. Yakan kafa ta a fangalin albasa, in ruwa ya kai tsaga ta uku ya toshe, ya wuce gaba. Baba Mode ne ke riƙe da ita tun muna samari. Shekarar da ya je Makka ya bar wa Habila riƙo, ranar da ya dawo manoma suka yi ta yabon rabon Habila a gabansa. Daga ranar, ruwan Habila bai ƙara wuce tsaga ta ɗaya ba.

Rani biyu albasarsa tana fitowa kamar goro. Na ce mu kai ƙara, ya ƙi. Wai Dawuda ya tarar da sarki yana barci, bai taɓa shi ba, mashinsa kawai ya ɗauka kuma ya mayar masa. Na ce, "Habila, wanga ba sarki ba na, tsoho na mai sanda. Ɗiyanka mi za su ci, mashi?" Dariya ya yi, ya tura mini sauran fura.

Bana, wata Juma'a, Baba Mode ya buɗe wa gonarsa ruwa alhali ba ranarsa ba ce, ya kafa sandar, ya tafi masallaci. A lissafinsa fadama ba kowa a lokacin. Ya manta akwai mutum ɗaya da ba ya zuwa Juma'a. Habila ya iske ruwa ya shanye tsaga ukun, saura kwana uku a zauna zaɓen mai rabo.

Da ya bar komai yadda yake har mu sauko daga masallaci mu gani, da ba a sake zaɓen tsohon ba. Sai ya toshe ruwan, ya wanke sandar, ya kai wa tsohon har zaure. Ni kaɗai ya gaya wa, bayan ya sa na yi alkawarin yin shiru. Kwana biyu ban amsa gaisuwarsa ba. Aka sake zaɓen Baba Mode. Mako na gaba, tsaga ɗaya ya ba Habila.

Ranar da manoma suka je yi wa matar Habila gaisuwar rasuwa, Baba Mode da bakinsa ya faɗi abin da ya faru, kansa a ƙasa, shi ya sa nake iya rubuta shi yanzu. Washegari na same shi tsaye a gonar Habila cikin rana, ruwa yana hawa sandar a hankali. Bai dube ni ba ya ce, "Sa'adu, cikin labarin nan nashi, yaya sarkin yaƙ ƙare?" Na ce a wurin yaƙi ya mutu, kuma Dawuda ya yi masa kuka. Ya ci gaba da tsayuwa har ruwan ya kai tsaga ta uku.

Albasar ta kama, ta fi ta kowa kyau a layinmu. Ni da matar Habila za mu cire ta. Jiya na tona guda, ta cika mini tafin hannu, na tsaya ina yi masa faɗa a gonar ni kaɗai. Rani uku, Habila. Ya kamata a ce kai ka fara riƙe albasar nan.