Sakan Ashirin a Dandamali na Huɗu

A tashar garinmu, inda layukan dogo huɗu suke haɗuwa su rabu, babu wanda bai san Kuramochi Tsuneo na dandamali na huɗu ba, kuma ba a taɓa jin wanda ya yi marmarin ganinsa ba. Ɗan guntun mutum ne, busasshe, da wuya kamar na figaggen zakara. Hularsa kullum a daidaice, safar hannunsa fara tas, fuskarsa kuwa a murtuke tun daga safe.

Aikinsa sallamar jirage ne. Ya nuna agogo da ɗan yatsa ya ce, "Lokaci, daidai!" Ya nuna sigina ya ce, "Hanya, daidai!" Sannan ya ɗaga wa kwandasta tuta, ya busa usur, ƙofofi su rufe. Duk ma'aikaci haka yake yi, ƙa'idar aiki ce. Amma in ka ga Kuramochi yana yi, sai ka rantse shi ya ƙirƙiro lokacin da kansa, sauran mutane aro suke yi a wurinsa.

Abin taƙamarsa guda ne a duniya. Shekara talatin da huɗu, jirgi bai taɓa barin dandamalinsa a makare ba ta dalilinsa. Doka ta ba mai sallama damar riƙe jirgi har minti ɗaya saboda fasinjojin da suka canjo daga wani layi, sai dai ya cike 'yar takarda ya sa hannu. Abokan aikinsa kowa ya cike ta ba adadi. Shi ko sau ɗaya, kuma ba ka gama gaisawa da shi sai ya san yadda ya yi ya gaya maka.

Waɗanda suka biya masa kuɗin taƙamar nan su ne mutanen layin duwatsu, wato dogon da ke saukowa daga ƙauyukan kan duwatsu. Jirginsu yana tsayawa a dandamali na ɗaya da ƙarfe goma da minti tara, na birnin Sendai kuma yana tashi daga na huɗu da ƙarfe goma da minti sha biyu. Minti uku ke nan, da gada a tsakani, hawa da sauka. Yawancinsu tsofaffi ne masu zuwa ganin likita, da sanda, da ƙunshin kaya. Sau nawa aka ga tsohuwa ta sauko matakalar ƙarshe tana haki, ƙofa ta rufe a kan hancinta, Kuramochi ya rusuna mata cikin ladabi ya ce na gaba sai bayan awa biyu. Abin haushin, shi ma ɗan layin duwatsun ne. Gyatumarsa da wannan jirgin take saukowa da kabeji a baya, amma tunda aka ɗora masa hula ya manta nauyin kabeji.

Hayasaka, matar da ke sayar da taliyar soba a rumfar dandamalin, ita kaɗai ke gaya masa gaskiya. Takan leƙo da ludayi a hannu ta ce, "Kuramochi-san, ka sake kamo min baƙi? Sannu da ƙoƙari. Ni dai na gode, amma wallahi ba na so in zama kai ranar da ƙafarka za ta yi nauyi."

Sai ya ce, "Jirgi ba ya jiran mutum, Hayasaka-san. Wanda ya san tafiyarsa ya fito da wuri."

"Da wuri ina? Shi ne jirgin farko da ya haɗu da naka, kai ma ka sani!"

Ya juya mata ƙeya ya ci gaba da kallon agogonsa.

A gida ma dandamali ne. Shinkafa da miya ƙarfe shida da rabi, in sun kai shida da talatin da biyar ya dubi agogon hannunsa, ya dubi matarsa Fumie, bai ce komai ba, wanda ya fi zagi ciwo. In za su fita sai ya nuna murhu da yatsa ya ce, "Wuta, a kashe!" alhali ita ta kashe. 'Yarsu Michiru na gama makaranta ta tattara ta koma Sendai. Fumie ta zauna, tana wanke safar hannun nan, tana goge ta, shekara da shekaru.

Ƙarshen watan Maris ritayarsa ta zo. Shugaban tasha ya sanar cewa za a ba shi takardar yabo a cikin firam, an riga an rubuta a kanta cewa bai taɓa makarar da jirgi ba. Jirgin goma da sha biyu shi ne na ƙarshe da zai sallama. In ya tashi daidai, rubutun ya tabbata. Kuramochi ya yi mako guda yana tafiya kamar bai taka ƙasa.

Da safen ranar, Fumie tana miƙa masa safar ta ce, "Baban Michiru, yau zan je wurin yarinyar nan. Jirginka zan shiga."

Ya ce, "To ki ɗaga ƙafa a gada. Kin san ba na jiran kowa."

Goma na yi ma'aikata suka jeru a dandamali, ɗaya riƙe da furanni, shugaban tasha riƙe da firam. Jirgin duwatsu ya iso a kan lokaci. Mutane suka sauko gada da sauri suka shige. Allurar agogo ta doshi sha biyu. Sai ga Fumie a saman matakala, da rigarta ta fita unguwa, tana jan wani akwati babba, tana saukowa taki ɗaya ɗaya.

Hayasaka ta buga ludayi a kan tukunya. "Kuramochi-san! Ga matarka can! Ka makance ne?"

Ya gan ta sarai. Kwandasta ma ya gan ta, ya leƙo yana jiran tuta. Shugaban tasha ya matso ya ce ƙasa ƙasa, "Riƙe shi kaɗan, ba komai, ni zan cike takardar."

Amma sunan wa za a sa a kanta? Gumi ya keto wa Kuramochi ta ƙarƙashin hula. Ya ƙiyasta da ido, saura matakala takwas, sakan ashirin ke nan. Ya ji haushinta ya turnuƙe shi, a ce duk ranakun duniya sai yau ta ga damar jan ƙafa. Ya miƙa yatsa ga agogo. "Lokaci, daidai!" Ya ɗaga tuta, ya busa usur. Ƙofofi suka rufe, jirgi ya ja.

Aka yi tafi, tafin da ba rai a cikinsa. Aka miƙa masa furanni da firam, ya rusuna sau uku. Fumie ta ƙaraso ta zauna a benci ta ajiye akwatin tsakanin ƙafafunta. Ya zo ya tsaya a kanta, hannuwansa cike.

"Na gaya miki ki ɗaga ƙafa."

Ta ce, "Ƙafata lafiyarta ƙalau, Baban Michiru. Shekara talatin ina hawa gadar nan, minti biyu take ɗaukata. Tsayawa na yi a sama ina kallon agogonka, sai da lokaci ya yi na fara sauka."

Sai a lokacin ya dubi akwatin da kyau. "Wannan kayan fa? Ba yini za ki yi ba?"

"Cewa na yi da raina, in ya riƙe min jirgin nan, da yamma zan dawo da akwatin ko buɗe shi ban yi ba." Ta juya wajen rumfa. "Hayasaka-san, zuba min kwano ɗaya, ki sa ƙwai. Ina da awa biyu."

Awa biyun nan yana tsaye a gefen benci, ya kasa cewa ta yi haƙuri, don bai taɓa koyon yadda ake faɗar sa ba sai ga fasinja. Da jirgi na gaba ya zo, wani ma'aikacin ne ke riƙe da tuta. Fumie ta ɗauki akwatinta da hannu ɗaya, ta shiga da ƙafarta garau, ta zauna a ɓangaren da ba ya kallon dandamali. Ƙofofi suka rufe. Kuramochi yana tsaye, firam a hammata, furanni sun fara langaɓewa, sai aka ga hannunsa na dama ya tashi da kansa ya nuna agogo. Jirgin a kan lokacinsa ya tashi, ko sakan ɗaya bai ƙara ba.