Gadata da Kanarin Hamma

Wata yamma a daminar shekarar da na shiga aji huɗu, Baba ya dawo daga gonarmu ta Sahuda jiƙe sharkaf, da wani abu naɗe cikin rigarsa yana motsi. 'Yar gada ce, ya tsince ta a gindin dutse, tarko ya kashe uwar. Ya miƙo mini ita, tun daga ranar ta zama tawa.

Yayana, Hamma Bello, yana da kanari cikin kejin karan da ya saƙa da hannunsa. Kullum gardama muke, a hanyar makaranta, a bakin mayo, wato rafi, wajen wanki, har cikin cirar ciyawar gyaɗa. Shi ya ce nasa na waƙa, tawa sai cin ganye da kashi. Ni kuma na ce tawa ta san takuna, nasa kuwa ko ɓarawo ne ya shigo waƙa zai yi masa. Kanarin ɗan gero da ruwa sun ishe shi. Gadar sai na tsoma yatsa a madara ta tsotsa, daga baya na koma yawon roron ganyen wake.

Tana girma tana ƙin gidan. Takan wuni tana zagaye jikin katanga, goshinta duk ya saɓule. "Wannan dabba ba ta zama da mutane ba ce," in ji Dada, mahaifiyarmu. Na yi kunnen ƙashi. Wata safiya ta yi tsalle za ta haura, ƙafar gaba ta karye. Baba ya duba ya sake dubawa, sannan ya ce a kawo wuƙa. Ana yankawa kanarin na ta rera waƙarsa. Na toshe kunne, na ƙi cin abinci. Washegari babu keji a ƙarƙashin mangwaro. Hamma ya kai wa abokinsa kyauta, bai kuma taɓa ɗaga maganar ba.

Da 'yan bindiga suka shigo garinmu Mubi a 2014, ta wannan hanyar ta Sahuda muka gudu a ƙafa, ina goye da ɗa, ina jan biyu. Hamma ya ce mu yi gaba, zai kulle shago ya biyo mu. Da ƙura ta lafa mun koma gida, mun gyara abin da ya gyaru, mun gaji da cigiyarsa. Yarana kan tambaye ni wanne ya fi, gada ko kanari. Nakan ce su je su yi wasa. Wanda zan yi gardamar da shi ba ya nan.