Faifan da Na Shanya

Shekaranjiya jikata ta mance bokitin roba a tsakar gida, rana ta gasa shi tun hantsi har azahar. Na zo wucewa da buta a hannu sai warin ya buge ni, warin nan na roba da ta sha rana har ta yi laushi. Na tsaya cak. Yarinyar ta zaci faɗa zan yi mata, ta rugo ta ɗauke abinta tana ba ni haƙuri. Ba faɗa ba ne. Ni dai duk ranar da na ji wannan wari sai in koma 'yar shekara tara a ƙauyenmu na wajen Tajaye, tsaye a gaban rumbu, ina kallon ɓarnar da na yi da hannuna.

Mu biyu ne a gidan, ni da kakata wadda ta haifi babana. Mahaifiyata ta rasu tun ban yi wayo ba. Babana manomi ne kamar kowa, sai dai yana da gurmi, kuma Kaka ba ta ƙaunar gurmin nan ko kaɗan. Takan ce a gidanmu ba a gaji roƙo ba. In an gama girbi yakan bi samarin gari ci-rani Najeriya, ya dawo da saukar ruwan farko. Shekarar da na cika shida ya tafi kamar kullum. Ruwa ya sauka, kowa ya dawo ya yi shuka, shi bai dawo ba.

Shekarun nan ne da sama ta yi ta yi mana rowa. Gari ya rage mutane, gidanmu kuwa ya yi shiru irin wanda har motsin ƙadangare a jikin zana kake ji. Kaka ba mai yawan magana ba ce. Wuni take a gindin bedi tana saƙar faifai da kaba, irin wanda ake rufe ƙwarya ko a yi bakace da shi, in sun taru ta kai kasuwar Illela. Ni kuma abin da ya fi ci mini rai ba yunwa ba ce. Muryar babana ce ta fara ɓace mini. Fuskarsa ina riƙe da ita, har wushiryarsa, amma muryar ta tafi. Nakan laɓe bayan rumbu in kira sunana da babbar murya, ko zan tuno yadda yake kirana, sai in ji tawa ce dai.

A farkon damina ta uku wani maƙwabcinmu ya dawo daga ci-rani. Ya yi sallama, ya durƙusa gaban Kaka, ya ajiye wani abu a naɗe cikin tsumma.

"Inna, ɗanki na gaishe ki. Ya ce in kawo miki faifai."

Kaka ta ajiye kabar da ke hannunta. "Faifai? Shekara uku ba shi ba labarinai, sai faifai? Ni da nike saƙar faifai tun ba a haife shi ba, ni za a aiko ma faifai?"

Ta warware tsumman a fusace. Sai ga wani abu baƙi wuluk, mai sheƙi, faɗinsa bai wuce bakin ƙaramar ƙwarya ba. Akwai rami a tsakiya, an manna takarda ruwan ɗorawa kewaye da ramin, da zanen zabuwa a jiki. Ta juya shi gaba, ta juya shi baya, ta ce wannan ko bakace ba zai yi ba.

Maƙwabcin ya yi dariya, ya ce ai faifan garmaho ne. Wani mai ƙaramin shago a can ya ji babana yana kaɗa gurmi a bakin tasha, ya shigar da shi ɗaki ya ɗauki muryarsa, aka buga 'yan kaɗan. Muryar tana ciki, sai an ɗora shi a kan garmaho take fitowa. Kaka ta tambaye shi abin da ni ma nake son ji, wato yaushe babana zai taho. Ya ce ya tambaye shi har sau biyu, shi kuwa babana ya ce ba zai iya ba da saƙon a baki ba, duk abin da zai gaya mana ya sa shi a cikin waƙar.

To, ga saƙo a hannu, babu abin buɗe shi. Duk ƙauyenmu babu mai garmaho. Aka ce akwai wani tsoho a tashar Konni da ke da shi. Kaka ta ce sai an yi girbi, in ta tara faifanta, mu je mu yi kasuwa mu ji. Wata huɗu ke nan. Ta rataye baƙin faifan cikin ɗaki a tsakiyar nata.

Ban san yadda zan gaya muku watannin nan ba. In Kaka ta tafi gona nakan sauko da shi in kara a kunne. Shiru. Na taɓa bin siraran layukan da ƙayar aduwa a hankali, ko zai yi ɗan motsi. Daga baya na haƙura da ji, na koma ba shi labari. Akuya ta haifi biyu. Haƙorina ya fita. Ɗiyar maƙwabta ta ce mini marar uba, na cika mata baki da ƙasa. Yara na dandali suna gaɗa, ni ina ɗaki ina hira da baƙin faifai, kuma wallahi a lokacin ya fi mini kowa.

Damina ta yi ƙarshe, ɗaki ya yi danshi, faya-fayan Kaka suka fara fumfuna. Saura kwana biyu mu tafi, da safe za ta gona ta ce da ni, "Ke ɗiyar ga, ki fidda faifan nan duka ki shanya. Kada mu kai su Konni suna wari."

Duka ta ce. Amma ba zan ɗora mata ba, don ni ma da nawa tunanin. Na san danshi na sa mutum mura, murya ta dishe. Na ce a raina wata huɗu babana yana cikin ɗakin nan mai sanyi, kada mu je gaban mutane a ji muryarsa a dishe. Na shimfiɗa na Kaka a kan zana. Nasa kuwa na zaɓar masa wurin da ya fi kowane samun rana, na kife tasar ƙarfe a gaban rumbu na ɗora shi a kai, har ina goge shi da bakin zanena. Sannan na tafi rijiya, daga can na biya korar tsuntsaye.

Da azahar na dawo. Warin ne ya fara tarbata tun daga ƙofar gida. Faifan ya yi laushi, bakinsa ya lanƙwashe sama da ƙasa kamar busasshen ganyen kabewa. Na ɗauka ya ƙone mini yatsu. Wayyo Allah! Na ruga da shi inuwa, na danne da tafin hannu, na zauna a kai, ya huce a yadda yake. Na naɗe shi cikin tsummansa na mayar. Kwana biyun nan ko fura ban sha ba, Kaka ta zaci ɗokin tafiya ne.

Muka hau babbar mota a saman buhuna, muka bi ta Tsarnawa muka shiga Konni da hantsi. Tsohon yana nan inda aka kwatanta, a ƙarƙashin wata rumfa a gefen tasha. Direba ne a da, ciwon ƙafa ya sauke shi. Ga garmaho mai batir a gabansa, ga akwatin katako cike da faya-fayai. Direbobi da 'yan kasuwa masu tsallaka iyaka sun kewaye shi, don babu mai sayen sabon faifai sai ya ji ta bakinsa. Mutum ne mai faɗa. Ina ji yana ce wa wani, "Wanda rediyo ka sawa safe da marece, mi za ka yi da shi? Ku nemi na ƙananan shaguna, waɗanda anka buga kaɗan. Su in sun ƙare sun ƙare ke nan." Ya ɗora wani faifan, ya ɗaga yatsa. "Wannan mai goge ba wanda ya san shi. Amma saurari hannun. In ka ga irinsa, kada ka bari."

Da mutane suka ɗan rage, Kaka ta matsa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo mu, ta warware tsumman. Ta dubi faifan. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta juyo ta dube ni.

Tsohon kuwa takardar ya fara gani. "Kai! Mai zabuwa! Baiwar Allah, ina kunka samo wannan? Sau guda na ji shi a wani shago can ƙetare, cikin hayaniyar kasuwa. Na koma in saya, anka ce sun ƙare. Mai gurmin nan ɗanki ne?" Sai ya ɗaga shi daidai idonsa ya ga lanƙwasar, fara'arsa ta ɗauke. "Wa ya sa shi a rana?"

"Ni ce," na ce. "Tsoro na ji kada muryarsa ta yi mura."

Direbobi biyu da ke wurin suka fashe da dariya. Tsohon ya daka musu tsawar da sai da suka shiga taitayinsu. Ya ɗora faifan, ya sauke allura a baki. Faifan na juyawa yana hawa yana sauka, allurar ta yi tsalle ta fita. Ya ɗaura ɗan guntun ƙarfe a kanta don ta yi nauyi, ta sake tsalle. Ya riƙa matsar da ita ciki kaɗan-kaɗan, yana cije leɓe, har ta wuce rabi, inda rana ba ta lanƙwasa sosai ba. Nan ta zauna.

Sai ga gurmi. Sai ga murya. Jama'a, muryar babana ce, tana rawa kaɗan kamar mai magana a kan jaki, amma ita ce. Ashe siririya ce, ni kuma duk shekarun nan da babbar murya nake nemanta a bayan rumbu. Ga abin da muka samu:

"To uwata, kin dai ji dalili, ki yafe mini.
Ɗiyata, kin ji ranar, ki riƙe ta.
Ranar nan ki share ƙofar gida, ki tsaya a hanya."

Ya kira sunana sau biyu, gurmi ya ɗan yi gaba, shi ke nan ya ƙare. Ɗaya gefen kiɗa ne zalla, babu magana.

Tsohon ya maimaita mana har sau uku. Kaka ta ce, "Malam, kai da ka taɓa ji, wace rana ya ce?" Ya sunkuyar da kai, ya ce kiɗan ya riƙe, kalmomin hayaniya ta cinye su. Dalilin da ranar duk suna can farkon waƙar, a bakin da na gasa.

Na jira duka a tasha, na jira a mota, bai zo ba. Sai da muka sauka daga mota muna tafiya a ƙasa, ita a gaba ni a baya, ta ce ba tare da ta waiwayo ba, "Ni na ce ki shanya su duka." Ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta bar duniya. Amma bayan nan na sha jin ta a gindin bedi tana saƙa tana bin kiɗan gurmin nan da hanci, ita da ta ce ba mu gaji roƙo ba.

Da yake ban san ranar ba, kowace rana ta zama ita. Kullum da safe ina share ƙofar gida, in ɗan tsaya a hanya. Sallah ƙarama, Sallah babba, saukar ruwan farko, ranar kasuwa. Maƙwabcinmu ya koma ci-rani ya neme shi, aka ce ya yi kudu, ba a san garin ba. Wasu shekarun mun bar gida mun tafi neman abinci wajen dangi na wata biyu ko uku, kuma har yau ina tambayar kaina ko ranar ta faɗo a ciki, ya zo ya iske ƙofa a rufe da ƙaya.

Tsohon nan ya yi mana alkawari, ya kuma riƙe shi. Duk direban da zai tsallaka sai ya ce masa in ya ga mai zabuwa ya saya, ba zai yi nadama ba. Shekaru yana tallan faifan da shi kansa ba shi da shi. Da aure ya kawo ni Konni, in na bi ta tasha yakan hango ni daga nesa, ya ɗaga hannu ya juya tafinsa sama, in gane babu. Da ya rasu aka watsar da akwatinsa.

Yanzu jikana na cewa babu waƙar da babu a cikin waya. Na faɗa masa sunan babana, na faɗa masa zabuwar, na rera masa layuka ukun nan. Ya yi ta latse-latse har ya gaji, ya ce Kaka, wannan kam babu. Shi ne kuma ya gaya mini wai a manyan birane samari sun koma neman tsofaffin faya-fayai, musamman waɗanda aka buga kaɗan, suna bin shaguna da ɗakunan ajiya suna tono su.

To in haka ne, bari in karɓi aikin tsohon tasha. In kuka ci karo da ƙaramin faifai mai takarda ruwan ɗorawa da zanen zabuwa, ku saya. Ba zan ce muku ya fi kowa murya ba, siririya ce, amma ku saurari hannunsa a kan gurmi. Ku ajiye shi a inuwa. Nawa yana nan cikin lefe tsakanin faifan Kaka guda biyu, rana ba ta ƙara ganinsa ba. In kun ɗora shi, ku kasa kunne da kyau tun daga farko, ku aiko mini. Na san ranar ta wuce tuntuni. So nake kawai in ji wace ce.