Wuƙar da Baba Ya Ƙi Gwadawa

Mahaifina tsohon soja ne, kuma a unguwarmu a Rikoto babu mai sayen wuƙa ko adda bai kawo masa ya duba ba. Gwajinsa ba ya canzawa. Zai ɗora ta a tafin hannu ya ji nauyinta, sannan ya sa a kawo busasshen guntun kirya, ya kafa bakin wuƙar a kai, ya yi ta dukan bayanta da gungume har icen ya rabe biyu. In ta fita lafiya, sai ya fere doya da ita ya ga ko kaifin yana nan. Wadda ta kasa kuwa, ya miƙa wa mai ita ya ce, "Kai wa matarka ta yanka kuɓewa." Maza da yawa sun bar ƙofar gidanmu suna sosa ƙeya.

Tasa wuƙar ko a hanya ka tsince ta ba za ka sunkuya ba. Wani maƙeri a Dabai ya ƙera masa ita da ƙarfen sifirin mota, baƙa ƙirin, tsawonta ya kusa kamu biyu, ƙarfen ya ratsa ƙotar har ƙarshe. Amma lokacin girbin dawa, da muke tarewa a gonarmu ta wajen Manga mu yi mako guda a bukka, ita ce komai namu. Da ita ake sare sandunan bukkar, a yanke igiya, a haƙa ramin murhu, a feɗe zomo, a buɗe gwangwanin kifi. Har yau in na ji ƙamshin gasasshen rogo, wannan bukkar nake tunawa, da Baba zaune yana wasa wuƙarsa a kan dutse.

Ni ne ɗan boko a gidan. Yayyena biyu sun shiga soja, ni kuwa kunya ɗaya ta noma sai na huta sau uku. Baba bai taɓa zagina a kan haka ba, amma kuma bai taɓa ce min na yi ƙoƙari ba, abin yana cina ƙwarai. Da na fara aiki a Kaduna na karɓi albashin farko, na rantse sai na kawo masa abin da zai yaba da bakinsa a gaban mutane.

A wani shago na gan ta. Kai, wuƙa ce ta gani ta faɗa! Tana ƙyalli kamar madubi, bayanta zarto, kubenta na fata. Ƙotar kuma rami ce: ka murɗe murfin, ga ashana, ga ƙugiyoyin kamun kifi da zare, ga kamfas mai nuna gabas da yamma a kan murfin. Mai shagon ya ce da ita kaɗai mutum zai rayu a daji. Ban ko tsaya ciniki ba.

Na iso gida da hantsi ana shirin tafiya girbi. Baba yana gindin mangwaro da abokansa uku, duk tsofaffin sojoji. Na durƙusa na gaishe su, na ajiye ta a gabansa. Ya zare ta, ya ɗora a tafin hannu, ya ji nauyinta. Ya murɗe murfin ya leƙa ciki.

"Madalla," ya ce. "Wannan ta manya ce. Allah ya yi maka albarka." Ya mayar da ita kube ya ɗaura a ƙugu.

Ɗaya daga cikin abokan ya ce, "Saje, ba za a kawo kirya ba?"

"Wannan ba ta bukatar gwaji," in ji Baba.

Da ina da hankali da na tsaya a nan. Amma ni zuciyata ta riga ta hau. Gani nake ya raina kyautar ne, shi ya sa ko gwajin da yake yi wa wuƙar kowa bai yi mata ba. Na tashi da kaina na ɗauko kirya da gungume.

"Bari, ɗana," ya ce.

"Haba Baba, ai gara kowa ya gani da idonsa."

Ya dube ni, ya kwance ta ya ba ni. Duka na farko ta shiga icen, har na ɗago kai ina murmushi. A na uku sai ji na yi ƙas! Ƙotar ta rage a hannuna, ƙarfen yana maƙale a kirya, ashana da ƙugiyoyi sun watse a ƙasa. Ashe 'yar ƙusa ce kawai ta haɗa ƙarfen da ƙotar. Wani cikin tsofaffin ya yi tarin da na san dariya ce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba ya sunkuya yana tsince ashanar ɗaya bayan ɗaya. Bai ɗago ba ya ce, "Tun da na ɗaga ta na ji ƙarfen bai shiga ƙotar ba. Me ya kai ka?"

A ranar na tsani kaina, kuma shi ma na ji haushinsa, don ya fi ni sanin abin da na sayo.

Aka tafi girbi da tsohuwar wuƙar kamar kullum. Bayan mun dawo, ranar kasuwa, sai ga Baba ya fito da kuben nan na fata a ƙugunsa. Ya cusa ƙotar a bakin kuben, ya ɗaure ta da roba yadda ba za ta faɗi ba. Haka ya yi ta yawo da ita, kasuwa, wurin biki, layin karɓar fansho, har ƙarshen rayuwarsa. Abokan nan uku ba wanda ya taɓa tona masa asiri.

Duk wanda ya tambaya, sai ya dafa ƙotar ya ce, "Ɗana ne ya kawo min daga Kaduna." In an ce ya zaro a gani, sai ya ɗaure fuska ya ce irin wannan ba a zare ta sai da dalili.