Gashin Bakin Direba

Mai askin layinmu mutum ne da bakinsa ba ya hutawa. Shekara talatin da ɗoriya yana shago guda, mai kujera ɗaya da madubin da ya tsage ta gefe, kuma ba a taɓa jin ya bar wani ya ƙarasa labari ba. Kai za ka kawo kanka, shi zai kawo zance. Matarsa takan ce da surutu ake biyansa, da tuni sun gina bene. Bai yi karatu mai nisa ba, amma hannunsa ya san fuskar kowane namiji a layin fiye da masu fuskokin.

Cikin masu zuwa wurinsa akwai wani tsohon direban babbar mota. Wata safiya direban ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar ɗakinsa. Aka yi wata biyu a asibiti, aka dawo da shi gida ba magana, ba motsi, ido a buɗe yana kallon rufi. Likita ya ce ba zai iya rantsewa mutumin ya san inda yake ba. 'Ya'yan suka ɗauka uban ya riga ya tafi, numfashi ne ya rage, har a kansa suke tsayawa suna shawarar sayar da motar.

Matar direban ce ta sha wuya. Ita ke juya shi, ita ke goge masa jiki, ita ke ɗura masa abinci ta robar hanci. Da farko tana yi tana masa hira, sannu a hankali ta daina, don magana ba amsa tana cin rai. Abin da ke damunta ɗaya ne: mijinta na shekara arba'in yana cikin jikin nan, ko gangar jiki kawai take wa hidima?

Da gemu ya cika masa fuska har ta fara jin kunyar masu dubiya, sai ta aika a kira mai aski. Ya zo da 'yar jakarsa, ya ɗaura wa direban ƙyalle a wuya, ya shiga ba shi labarin layi kamar jiya suka rabu. Daga bakin ƙofa matar ta ce kada ya wahalar da kansa, ba ji yake ba. Mai aski ya ce shi tun da yake bai taɓa jiran a ji shi ba.

Ya shafa kumfa, ya gama da kumatu, ya gama da haɓa. Da reza ta iso ƙasan hanci sai hannunsa ya tsaya cak. Leɓen direban na sama ya sauko a hankali ya rufe haƙora, fatar ta miƙe, yadda kowane namiji ke yi idan za a aske masa gashin baki. Mai aski ya ce a ransa ƙila jijiya ce ta motsa, ya janye rezar, leɓen ya saki. Ya kira matar ta matso kusa, ya mayar da hannayensa bayansa, ya ce, "Direba, saura gashin baki."

Ba wanda ya taɓa shi. Leɓen ya sake saukowa.

"Uwargida," in ji mai aski, "ban san abin da likita ya sani ba. Amma sai mutum ya ji ni, ya san fuskar tasa ce, ya kuma so ya sauƙaƙa mini aiki kafin ya yi haka. Maigida yana nan."

Wata bakwai direban ya ƙara a duniya, bai tashi ba, bai yi magana ba. Har yau matar tana cewa mai aski ne ya ba ta watannin nan, kuma ba ta da abin da za ta saka masa da shi sai addu'a. Amma a ranar ko bakin godiya ba ta samu ba. Ta jawo kujera jikin gadon, ta goge sauran kumfar da ke kunnen mijin da gefen zanenta, ta riƙe hannunsa.

"Baban yara, ka yafe mini," ta ce. "Autarka ta haihu tun wata uku. Mace ce. Ba wanda ya gaya maka."