Dodon da Ya Raba Ni da Kakata

Wata Alhamis a daminar 2004, bayan magariba, muka yi cincirindo a tsakar gidanmu a Dogarawa gaban telebijin ɗin da Kawu Sale direba ya sayo a Konni. Da batirin motarsa ake kunna ta, yayana na riƙe da gorar eriya yana juyawa har hoton tashar Najeriya ya tsaya. Fim ne na wani abu mai farin mayafi da ke fitowa daga kogon tsamiya yana bin yara. Daidai lokacin da zai yaye mayafin, batir ya mutu. Kawu ya yi tsaki, ya ce motarsa ta fi mana fim, bai sake ba mu aron batirin ba.

Ni kuwa aikina ne kullum in kai wa kakata, Inna Hajo, tuwon yamma, kuma ɗakinta na bayan rumbuna, gindin wata tsamiya. Tun daga ranar ƙafata ta ƙi hanyar. Yau ciwon ciki, gobe aikin lakwal, wato makarantar boko, har aka gaji da ni aka ɗora wa ƙanwata akushin. Da rana ma sai in zagaya ta garken awaki. Inna ta riƙa aiko mini da gyaɗa a ƙullin tsumma, tare da saƙo: "Ku ce ma maigidana, in sakina ya yi, shi aiko min da takardata." Kowa ya yi dariya, ni kunya ta hana ni faɗin abin da nake tsoro. Na ce sai an yanke gero hanya ta yi fili zan je. Kafin a yanke geron Allah ya yi mata rasuwa.

Bara ɗana ya tono fim ɗin a waya, na zauna na kalle shi har ƙarshe. Da aka yaye mayafin, wani ƙato ne aka shafa wa garin rogo a fuska, da agogo a hannu, da silifas, ga inuwar mai ɗaukar hoto shimfiɗe a ƙasa. Yara suna ta birgima don dariya, ni kuwa takaici ya cika ni, na rasa wanda zan zaga, shi ko ni.

Tsamiyar na nan, yanzu ko ƙwayar ido ba na ɗaga mata idan na wuce. Sai dai babu mai jiran tuwo a gindinta.