Turmin Atamfar da Ya Kusa Ɗaure Yaronmu

A shekarun dubu biyu da 'yan kai ina Kuala Lumpur, na je karatun digiri na uku da furfurata. Kafin nan na zauna a Khartum da Alƙahira da Yamai, ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, har na fara tsintar Malayanci a kasuwar Chow Kit. Ɗalibai 'yan ƙasarmu da ke unguwar Setapak suka mai da ni uba, ni kuma na ɗauka babu al'adar da ban sani ba.

Sai aka kama wani yaronmu bisa zargin fashi. Wanda aka yi wa fashin cewa ya yi ɓarawon baƙar fata ne, kuma da aka jera masa mutane a caji ofis, yaron nan kaɗai ne baƙi a cikinsu. Akwai wata farfesa, 'yar ƙasar mai asalin Indiya, wadda ta ƙarar da shekarunta tana bincike kan yadda launin fata ke ruɗin masu ba da shaida. Ta yarda za ta yi wa kotu bayani kyauta.

Abin ya taɓa ni. Na ce wa yaran a wajenmu ba a barin alheri ya kwana ba godiya. Muka haɗa turmin atamfa da turare da dabino, muka sha manyan riguna, muka ɗunguma gidanta a unguwar Titiwangsa ba sanarwa, ana gab da zaman kotu. A Khartum da rago za a yanka mana. Ita kuwa a bakin ƙofa ta tsayar da mu, fuskarta ta canza. Ta ce mu koma da kayanmu kada a ce cin hanci ta karɓa, kuma dole ta gaya wa alƙali mun zo, in ya ga dama ya yi watsi da shaidarta. Wani cikin yaran ya raɗa mini wai yau na yi musu gyaran gangar Auzinawa.

Daga ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Uwar yaron tana bugo waya daga gida tana sa mini albarka, ni kuwa na kasa gaya mata ɓarnar da na yi. A kotu lauyan gwamnati ya tasa farfesa gaba da tambayar me ke cikin ƙunshin da muka kai mata. Ta ce ba ta taɓa shi ba, balle ta sani. Alƙali ya ce tunda ita ta fara faɗa da bakinta, zai saurare ta. Aka sallami yaron.

Da ƙura ta lafa muka gayyace ta shagon mamak, wato wajen shayi da abinci na Musulmi 'yan asalin Indiya. Shayi kawai ta sha, tana tsokanata wai in dai karramawa nake so in yi mata, in riƙa zuwa caji ofis ina yi wa 'yan Afirka tafinta. Na yi ta yi har na bar ƙasar, kuma ban taɓa aikin da ya kwantar mini da rai kamarsa ba.

Masu fita waje, ku ji daga bakin tsoho. Mai tsaya wa gaskiya, tsabtar hannunsa ce jarinsa, kada ka sa masa komai a ciki sai ka tambaya. Godiya ma tana da lokacinta. In ta riga hukunci, a kan wanda kake son ceto take faɗawa.